Kaza da 'Ya'yanta a Saman Yaba

Hawa bakwai ne zuwa rufin,
lifta ta mutu tun watan jiya.
Daren Asabar nakan buɗe ƙubbar,
in yaye wa madubin hangen nesa mayafinsa,
in jira masu haurowa da haki.

A Legas sama ba ta yin baƙi.
Ja-ja take, kamar ruwan wankin tukunyar manja.
Fitilun gada sun shanye taurari,
hayaƙin janareta ya lashe saura.
Ɗan abin da ya rage nake rabawa:
kowa daƙiƙa talatin, ido ɗaya.

Morenike, 'yar aji huɗu, ta nuna sama,
"Ga wata can tana tafiya!"
Na ce jirgi ne, Ikeja zai sauka.
Ko a jikinta. Ta ce, "To ina marasa direba?"

Na juya bututun wajen Zuhalu.
Chidubem, bakanike daga Ladipo,
ya leƙa, ya ɗago, ya zagaya gaban gilashin
yana neman hoton da na liƙa.
Da bai samu ba sai ya yi tsit,
ya koma ƙarshen layi don ya sake.

Na ƙarshe Baba Jatau, mai goro a Agege.
Jikarsa Lantana ce ta jawo shi,
kowane hawa sai ya tsaya ya yi wa benen faɗa.
Ya ce, "'Yata, riƙe mai zoben naki,
ni kaza na zo cigiya.
Shekara arba'in da ɗaya rabona da ita.
A garinmu, can gefen Gummi,
in ta fito da 'ya'yanta bayan isha'i
mun san gero ya kama hanyar rumbu.
Da na zo Ikko na ɗaga kai,
ko gashinta ban gani ba.
Na ce ko shaho ne ya sure ta."

Ina saitawa gajimare ya taso daga teku,
ya rufe mu ruf, kamar faifai a bakin ƙwarya.
Muka zauna a kan siminti.
Ya ɓare goro, ya bi kowa da shi.
A ƙasa ɗan kwandastan danfo na ta kiran Oshodi.
Don in rage mana dare, na ce musu
hasken da muke jira ya baro gida
fiye da shekara ɗari huɗu da suka wuce.
Baba ya tauna, ya jinjina kai:
"Ashe shi ma gosilo ya faɗa."

Sha ɗaya saura aka ɗauke wuta.
Unguwa ta ja tsaki baki ɗaya,
mu kaɗai a Yaba muka yi tafi.
Kafin janaretoci su farka
gajimaren ya yage, faɗin tabarma.

Ya cire hula, ya sunkuya.
Leɓɓansa suka fara ƙirga.
Biyar. Shida. Bakwai.
Ya wuce ashirin, ya daina.
"Shida na bari," in ji shi, bai ɗago ba.
"Ashe ta yi ta ƙyanƙyasa a bayana."

Ban ce masa tun can suna nan,
ido ne bai kai ba.
Wannan darasin ya jira wata Asabar.
Ban kuma ce daƙiƙa talatin ta cika ba.
Morenike ta ja masa riga,
tana so ya nuna mata wacece uwar.

Da sama ta sake rufewa
suka sauka da fitilar waya,
ina jiyo shi yana ba benen haƙuri.
Na buɗe littafin rajista na rubuta:
mutum ashirin da uku,
gajimare mai yawa,
kaza ɗaya, an dace da ita.